Numfashi bai ƙare ba, amma yatsu sun saki: ƙarfin damƙa ne matsalar?

Abban Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya kwana biyu yana cina, na ce bari in kawo shi nan. Wata huɗu ke nan da na bar ɗaga ƙarfe irin na tara ƙwanji, na koma atisaye irin na CrossFit, wanda ake gwama ɗaga ƙarfe da jan jiki da gudu, agogo na tafiya. Shekaranjiya ni da wani abokina muka gwada wanda suke kira Fran. Ga wanda bai san shi ba: sandar ƙarfe ce mai kilo 43, ka ɗora ta a gaban kafaɗa, ka tsuguna, ka miƙe ka tura ta sama da kai, sau 21. Sai ka kama ƙarfen da ke sama ka ja jikinka har haɓa ta wuce shi, shi ma sau 21. Ka sake 15 da 15, ka rufe da 9 da 9.

A zagaye na biyu hannuna ya ƙi. Numfashi da saura, ƙafa ba ta gaza ba, amma damtse ya yi tam kamar an hura shi, yatsu suna buɗewa da kansu. Na gama a minti 11, shi kuwa minti 7. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, watan jiya an auna mu duka biyu da na'urar nan da ake matsewa, ni na matsa kilo 56, shi 45. Idan muka gaisa sai ya ce in sassauta. To yaya aka yi nawa hannun ya riga nasa sarewa?

Tsohon Ƙarfe: Wa alaikumus salam. Ɗana, hannunka bai ƙosa ba, iyakar maganar ke nan. Rabu da na'ura. Mu lokacin da muka fara, siminti muke zubawa a gwangwanin fenti, mu soka bututun ruwa a tsakiya. Bututun nan kauri gare shi, yatsu ba sa zagaye shi. Babu safar hannu, babu igiya. Duk wanda ya yi shekara biyu a kan wannan, ko me ka ba shi ya riƙe sai dai ka gaji da jira. Abin da hannu bai riƙe ba, baya ba zai ɗaga shi ba, kafaɗa ma haka. Ku yaran yanzu kun fara gini daga rufi.

Koci: Baba, da girmamawa, ban yarda hannu ne tushen abin ba. Shekarata bakwai ina horar da mutane a irin wannan atisayen, kuma na ga masu murƙushe hannun mutum a gaisuwa waɗanda minti uku ke kwantar da su. Manyan 'yan wasan CrossFit suna gama Fran ɗin nan ƙasa da minti uku, ba kuwa don sun fi kowa damƙa ba. A 2015 wasu masu bincike a Kanada sun auna 'yan wasan CrossFit, ba su ma kai mutum 20 ba, suna neman abin da ke nuna wanda zai yi sauri a Fran da wasu atisaye biyu irinsa, Grace da Cindy. Abin da ya fito a Fran da Grace shi ne ƙarfin jiki gaba ɗaya, wato jimillar abin da mutum ke iya ɗagawa a tsuguno, da turawa sama, da ɗaukowa daga ƙasa. Wanda kilo 43 bai zame masa komai ba shi ke gudu da ita. Abban Hanif, nawa ne nauyin jikinka, nawa ne na abokin naka?

Abban Hanif: Ni 92, shi bai wuce 60 ba, Koci.

Koci: To ka ga inda gizo ke saƙar.

Auta: Ni fa na ga wani bidiyo, mutumin ya ce an tabbatar duk mai ƙarfin damƙa ya fi tsawon rai. Har na sayi abin matsewar nan mai sifirin, kullum sai na yi ɗari biyu kowane hannu. Ashe ba zai taimaka a wannan ba?

Likitar Gashi: Salamu alaikum. Bari in fara da Auta, sannan in dawo kan tambayar asali, don wannan na'urar da ake magana kusan kullum tana hannuna a wurin aiki.

Auta, binciken da mai bidiyon ke nufi gaskiya ne an yi shi. Mujallar Lancet ta buga shi a 2015, an bi mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17, aka ga duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa a tsawon lokacin da aka bi su. Amma ka fahimci abin da ake nufi. Damƙa alama ce ta yawan tsoka da lafiyar jiki baki ɗaya, kamar yadda zafin goshi ke nuna zazzaɓi. Idan ka sanyaya goshi kaɗai, cutar tana nan. Mu ma a asibiti don haka muke auna ta, musamman ga tsofaffi: ƙa'idar da ƙwararrun Turai suka fitar ta ce namijin da ya gaza kilo 27 ko macen da ta gaza 16, a bincika ko tsokarsa ta fara zaizayewa. Rai kuwa na Allah ne, sifirin ba zai ƙara maka kwana ba.

Yanzu Abban Hanif. Na'urar nan abu ɗaya take aunawa: iyakar abin da za ka iya matsawa cikin daƙiƙa uku zuwa biyar, kana zaune, gwiwar hannu a lanƙwashe, jiki a huce. Fran ba wannan take tambayarka ba. Tambayarta ita ce, kashi nawa na ƙarfin naka kowane riƙo yake ci, kuma har tsawon wane lokaci.

Mu yi lissafi na kusa-kusa. Idan ka yi reto a ƙarfe, kowane hannu na ɗauke da rabin nauyinka, kilo 46. A kan 56 ɗinka, ya haura kashi 80 cikin ɗari. Abokinka kowane hannu kilo 30, a kan 45, wajen kashi 67. Kai ka fi shi ƙarfi, shi ya fi ka rara. Kada ka ɗauki waɗannan lambobin kamar yankan wuƙa, domin riƙe abu kada ya kuɓuce ya fi matse shi sauƙi, yatsu na zama kamar ƙugiya, fatar hannu ma na taimakawa. Amma bambancin da ke tsakaninku na nan.

Dalilin da rarar ke da muhimmanci shi ne jini. Tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a tafin hannu manyansu suke ba, a damtse suke, jijiyoyi ne dogaye suka ratsa tsintsiyar hannu suka kai ga yatsu. Idan tsoka ta ɗaure ta tsaya a ɗaure, tana danne ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta. Jini ba ya shiga yadda ya kamata, dattin aiki ba ya fita. Wannan tam ɗin da ka ji ke nan. Wani masani Bajamushe, Walter Rohmert, ya auna wannan tun 1960: idan riƙon bai wuce kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinka ba, za ka daɗe ƙwarai, idan ya kai rabi, wajen minti ɗaya ne, idan ya kusa ƙarshen ƙarfinka, 'yan daƙiƙai ne. Ƙafa a gudu tana ɗaurewa tana saki, jini na samun hanya. Hannu a kan ƙarfe ba ya samun wannan sakin sai ka ba shi da gangan.

Tsohon Ƙarfe: To ai Likita maganata kika maimaita da turancin asibiti. Da damƙarsa ta kai 70, da kilo 46 ɗin bai dame shi ba. Ya ƙara ƙarfin hannu, shi ke nan.

Likitar Gashi: Da gaskiyarku ta nan ɓangaren, Baba. Ƙara ƙarfin na rage kason da kowane riƙo ke ci. Sai dai ɗaga damƙar babban mutum daga 56 zuwa 70 ba aikin wata biyu ba ne, wani ma ba zai taɓa kaiwa ba, don girman hannu da tsawon yatsu na da nasu rabon. Akwai hanyoyin da suka fi kusa.

Koci: Su nake so in faɗa. Abban Hanif, amsa mini tsakani da Allah: lokacin da sandar ke kan kafaɗarka kana tsugunawa, yaya hannunka yake?

Abban Hanif: A damƙe gam. Tsoro nake kada ta zame.

Koci: Na san haka za ka ce. Ka ƙone hannunka tun kafin ka taɓa ƙarfen sama. Sau 21 kana matse abin da kafaɗa ce ke ɗauke da shi. Sandar nan a kan tsokar gaban kafaɗa take zama, gwiwar hannu a ɗage, yatsu tokara kawai suke yi. Idan ka tura ta sama, a kan gindin tafin hannu take, can ma ba ta bukatar matsa. Da wannan kaɗai za ka isa ƙarfen sama da hannu sabo.

Na biyu, yadda ka raba jan. Na tabbata ka yi ta ja har sai da hannu ya saki da kansa, sannan ka sauko.

Abban Hanif: Haka ne. Na yi 16 a jere, sauran biyar ɗin ɗaya-ɗaya na ƙarasa su.

Koci: Waɗannan 16 ɗin su suka cinye maka minti huɗu a gaba. Damtsen da aka kai shi maƙura ba ya dawowa da hutun daƙiƙa goma. Wanda aka sauke shi da saura kuwa, yana dawowa. Ka yi 8, ka diro, ka yarfe hannu, ka ja numfashi uku, ka yi 7, ka yi 6. A ido kamar ka fi jinkiri, a agogo ka fi sauri. Haka ƙwararru ke yi a wani da ake kira DT, wanda ya shahara da cin hannu: kilo 70, ɗaukowa daga ƙasa sau 12, cillowa kafaɗa daga cinya sau 9, turawa sama sau 6, zagaye biyar. Za ka ga mutum ya yi 11 ya ajiye, ya huta, sannan ya ɗauki na 12 ya zarce da shi cikin guda taran nan, don kada ya yi ɗauka ɗaya a banza. Lissafin hannu suke yi kamar yadda mai tafiya Legas ke lissafin mai.

Na uku, ga duk abin da ake fizgowa daga ƙasa, ka koyi riƙon ƙugiya irin na masu ɗaga ƙarfe a Olamfik: babban yatsa ya fara zagaye sandar, sannan manuniya da na tsakiya su danne shi. Mako biyu zuwa uku na farko akwai zafi, ba zan ɓoye maka ba. Bayan nan sandar na maƙalewa ba tare da ka matse da dukan ƙarfinka ba.

Ɗan Maraɗi: Ina gaishe ku duka. Ni ban taɓa yin CrossFit ba, amma na taso cikin 'yan kokawa, kuma maganar nan ta taɓa ni. Mu a Nijar kun san gasar kokawa ta cin takobi, tun 1975 da aka fara ta a Tawa ake yi. Duk wanda ya zauna bakin fili ya san akwai ɗan kokawar da in ya kama ka a minti na farko kamar an sa maka maƙata, amma in ka jure masa, can gaba hannunsa sai ya zama kamar na yaro. Akwai kuma wanda kamunsa ba ya ba ka tsoro, amma yana nan daram har alƙali ya busa. Tsofaffin 'yan kokawa suna gaya wa yara kada su riƙe da ƙarfi sai lokacin da za su yi kaye. Sauran lokacin hannu na ajiye ne a jikin abokin karawa, yana saurare. Abin da Koci ya faɗa ke nan game da sanda a kafaɗa, in na fahimta daidai.

Sannan ina da tambaya. Masu sayar da ruwa da ke sauke bido, wato jarka, mai lita 25 ɗaya a kowane hannu, su hau bene da shi, tun safe har azahar, su a wane aji za a sa su?

Koci: Tambaya mai kyau, Malam. Lita 25 na ruwa kilo 25 ne. Akwai wata gasa da ake kira Hyrox, an fara ta a Hambug ta Jamus a 2017. Gudun kilomita ɗaya sau takwas ne, tsakanin kowane gudu akwai aiki guda. Ɗaya daga cikin ayyukan shi ne ɗaukar butar ƙarfe biyu a yi tafiyar mita 200 da su, kuma a ajin maza na gama-gari kowace kilo 24 ce. Wato jarkar mai ruwa ta ma fi ta da kilo ɗaya. A wannan tashar kam, mai ruwan unguwarku zai ba mutane da yawa mamaki.

Tsohon Ƙarfe: Alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta. Mai ruwa bai san Fran ba, bai san na'ura ba, aiki ne ya gina masa hannu. Haka maƙeri, haka mai buga bulo, haka ɗan dako mai sauke buhun siminti na kilo 50. Abin da nake faɗa tun farko ke nan.

Koci: Baba, tasha ɗaya ce cikin takwas. Kafin ya kai gare ta ya yi gudun kilomita shida, ya tura kaya, ya ja kaya da igiya, ya yi tuƙin mita 1,000 a na'ura. Idan huhu da ƙafa ba su kai shi can ba, hannun ba zai samu damar nuna kansa ba. Ni abin da nake gani a wurin horo shi ne, raunin damƙa na iya kayar da mutum, amma ƙarfinta kaɗai bai taɓa ba wani nasara ba. Da zarar hannu ya kai inda ba shi ne ke fara sarewa ba, ƙarin da za ka yi masa ba ya rage maka ko daƙiƙa.

Tsohon Ƙarfe: Shi dai wannan yaron bai kai wurin ba tukuna. Nasa ne ke fara sarewa.

Koci: A nan kam ban musa muku ba.

'Yar Zazzau: Ku ba ni dama in sako namu, don ana ta magana kamar maza kaɗai ke wannan abin. Mu biyar ne mata da ke haɗuwa da safe a gidan wata yayarmu. Matsalarmu ba ta wuce kaurin ƙarfe ba. Sandar da muka samu ta maza ce, ƙarfen retonmu kuma mai walda ne ya haɗa mana da wani bututu mai kauri, babban yatsana ba ya haɗuwa da sauran. Daƙiƙa 15 na sauko, alhali bayana bai gaji ba. Na daɗe ina zaton ni ce ba ni da ƙarfi, har sai da na je wani wurin motsa jiki a Kaduna na kama siririn ƙarfe, na yi reton daƙiƙa 40 a ranar. Kuma wani abin da ke ba ni mamaki, mahaifiyata ta haura 60, amma in muka matse wanki tare, nata ya fi bushewa. Ta yi daka da jan guga tun tana yarinya.

Likitar Gashi: 'Yar uwa, abin da kika lura da shi daidai ne, kuma ba laifin jikinki ba ne. Dalilin da ya sa aka ware sandar mata ke nan a gasa: ta maza kilo 20 ce mai kaurin milimita 28, ta mata kilo 15 mai milimita 25. Milimita uku a baki kamar ba komai, a ƙaramin hannu kuwa shi ne bambancin yatsu su rufe ko kada su rufe. Ita kanta na'urar Jamar da muke awo da ita matakai biyar gare ta na faɗin mariƙi, kuma mutum ɗaya zai ba ka lamba daban-daban a kowane mataki. Shi ya sa aka fi tsayawa a mataki na biyu, a auna sau uku, don a iya kwatanta yau da gobe. Game da Hajiya kuwa, shekara hamsin na taɓarya da guga horo ne na gaske, Allah ya ƙara mata lafiya.

Baba, bututunku mai kauri yana gina hannu, ban ƙi ba. Amma a matsayin horo na musamman, ba a ce mai koyo ya yi dukan atisayensa a kansa ba.

Auta: To ni tafin hannuna ne ke yagewa. Kanta ta fito, sai ta ɓare ta bar jan nama, ko alwala sai na cije. Wani ya ce in shafa hoda, wani ya ce allin makaranta.

Koci: Kada ka kuskura ka sa hoda, santsi take ƙarawa, za ka iya faɗowa ta baya. Allin makaranta ma ba shi ba ne. Wanda ake amfani da shi sinadarin magnesiyam kabonet ne, aikinsa shan gumi, kuma kaɗan ake shafawa. In ya yi yawa yana ƙara gurzar fata, ya jawo yagewar da kake gudu. Kanta kuma ba a barinta ta yi tudu, tudun ne ƙarfe ke kamawa ya fizge. Bayan wanka, fata na da laushi, ka goge ta da dutsen goge ƙafa har ta yi daidai da sauran tafin. Da dare ka shafa man kaɗanya, musamman da hunturu. Sannan ka duba inda ƙarfen ke zama: kusa da gindin yatsu, ba tsakiyar tafi ba inda fata ke naɗewa. In ta riga ta yage, wanke da sabulu, yanke fatar da ke reto da almakashi mai tsabta, rufe, ka bar ƙarfen sama har ta warke. Kuma don Allah duk wanda ya bar jini a ƙarfe ya goge shi da kyau kafin wani ya kama.

Abban Hanif: Igiyar nan da ake naɗawa a tsintsiyar hannu a zagaya sanda fa? In saya?

Tsohon Ƙarfe: In ka saya kada ka gaya mini. Abin da igiya ta ɗaga ba kai ka ɗaga ba.

Koci: Baba, Eddie Hall da ya ɗaga kilo 500 daga ƙasa a 2016 da igiya ya ɗaga, haka Hafthor Bjornsson da ya yi 501 a 2020. Ba wanda zai ce ba su da hannu. Igiya na da ranarta: ranar da kake son baya da cinya su yi aiki mai nauyi, hannu kuma ya riga ya gaji ko ya yage. Amma Abban Hanif, kai ba yanzu ba. A gasar Olamfik ba a yarda da ita ba, kuma ba za ta raka ka kan ƙarfen sama ba, inda matsalarka take. Ga abin da zan ba ka, sau biyu a mako, a ƙarshen atisaye ba a farko ba: reto a ƙarfe sau uku, kana saukowa kafin yatsu su buɗe da kansu, da tafiya da jarka biyu cike da ruwa, mita 40 zuwa 50, sau huɗu. Ba sai ka sayi komai ba.

Tsohon Ƙarfe: Ya ƙara da tawul. Ya rataya shi a ƙarfen, ya kama bakin biyu ya yi reto. Wannan ban ga abin da ya kai shi ba.

Koci: Na karɓa, Baba. Amma bayan wata guda, in reton farko ya zauna.

Auta: Ni na yanke shawara ranar Asabar zan gwada Murph. Gudun mil ɗaya, jan jiki 100, turin ƙasa 200, tsuguno 300, a sake gudun mil ɗaya. In hannu zai ƙarfafa, ya ƙarfafa a rana ɗaya.

Likitar Gashi: Auta, ina roƙonka kada ka yi. Nawa kake iya ja a jere yanzu?

Auta: Shida, wani lokacin bakwai, Anti.

Likitar Gashi: To saurare ni da kyau, ƙanina. Wanda ke yin shida ya tilasta wa kansa ɗari, musamman in ya koma yin tsalle ya kama sannan ya sauko a hankali, yana iya farfasa tsokar hannu fiye da yadda jiki zai iya kwashewa. Abin da ya fashe yana shiga jini, ya je ya toshe ƙoda. Sunan ciwon rabdomayolisis, kuma sananne ne a irin wannan atisayen. Zafin da muke ciki da ƙarancin shan ruwa na ƙara haɗarin. Alamominsa: bayan kwana ɗaya ko biyu hannu ya kumbura, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, ciwon ya wuce na gajiya, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Duk wanda ya ga haka, asibiti a ranar, ba gobe ba, kuma kada ya sha ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara wa ƙoda nauyi. In kana son Murph, ka yi kwatansa, ka rarraba shi ja 5, turin ƙasa 10, tsuguno 15 a kowane zagaye, da sassafe.

Sifirin ɗinka ma ka rage. Matsa ɗari biyu kullum, ga reto, ga ja, duk a kan jijiya ɗaya suke sauka, wadda ta manne a ƙashin cikin gwiwar hannu. Tsoka na saurin sabawa, jijiya na ɗaukar watanni. In wurin ya fara zafi idan ka ɗauki buta ko ka murɗa mabuɗi, ka tsaya, don in ya zauna yana iya cin wata da watanni.

Auta: Na ji, Anti. Zan yi kwatan. Wurin ma ya ɗan fara yi mini tsami tun makon jiya.

Likitar Gashi: To ajiye sifirin ɗin gaba ɗaya na mako biyu, ka gaya mini yadda ya koma.

Abban Hanif: Salamu alaikum, na dawo da bayani bayan mako shida. Na bi abin da Koci ya tsara, na ƙara tawul ɗin Baba a mako na biyar. Reto ya tashi daga daƙiƙa 38 zuwa 65. Na'urar matsewa ta nuna 57, wato kusan inda take. Nauyina 90. Jiya na sake Fran, na sassauta hannu a kafaɗa, na raba jan 8, 7, 6, sannan 6, 5, 4, na ƙarshen 5 da 4. Minti 8 da daƙiƙa 40. Wannan karon numfashi ne ya tsayar da ni a zagayen ƙarshe, hannu na nan da saura.

Tsohon Ƙarfe: Madalla, ɗana. Jarka da tawul ke nan.

Koci: Barka. Ni kuma ina ganin rabon da ka yi da sakin hannu a kafaɗa ne suka ba ka fiye da rabin wannan. Da ka gwada su tun a makon farko, da ka ga sauyi kafin jarka ta yi aikinta.

Likitar Gashi: Abu huɗu ya sauya lokaci guda, har da kilo biyu da ya sauka, don haka ba mai iya raba muku gardamar nan da awo ɗaya. Abban Hanif, in kana so mu gani, nan da mako biyu ka sake yi da tsohon salonka na ja har sai hannu ya saki, ka kawo mana lokacin.

Abban Hanif: Zan yi, in sha Allah, ranar Lahadi ta sama.

'Yar Zazzau: Koci, kafin a watse, gobe za mu koma wurin mai walda. Wane kauri za mu ce masa?

Koci: Ku ce masa bututun da kaurinsa ta waje bai wuce inci ɗaya da kwata ba, wajen milimita 32, shi ne wanda aka saba. Ku je da kanku ku kama kafin ya yanka, don awon da masu sayar da bututu ke faɗa sau da yawa na cikin ramin ne, ba na waje ba. In akwai wanda ya ɗan fi siriri kuma mai ƙwari, ku ɗauke shi. Kada ya shafa masa fenti mai sheƙi, kuma ya kafa shi inda rana ba ta dukansa.